Neman makwancin jan baki, da yadda injin jirgi ya mutu mana tsakanin Wurno da Goronyo

Ni malamin gona ne, kuma duk wanda ya san fadamar Rima ya san in damina ta yi nisa, gero ya fara nuna shinkafa ta fidda kai, to manomi bai da sauran barci saboda jan baki. Tsuntsun bai cika tafin hannun yaro ba amma garke guda na iya rufe rana, kowane ɗaya kuma na cin wajen giram 10 na hatsi a yini, sai ka lissafa in sun kai miliyan. Da rana ba a iya musu komai sai kaɗa gwangwani da ihu, maganinsu shi ne a gano inda suke kwana cikin ciyayin bakin ruwa da sarƙaƙiya, a yi musu feshi da almuru in sun taru. Dalilin ke nan da anka ɗauko hayar wani ƙaramin jirgi don a fara zagayawa a ɗauki lambar wuraren a taswira, ni kuma anka ce in shiga in riƙa nunawa tunda na san yankin Wurno da Goronyo da ƙafa.

Da na je sallamar Inna na faɗa mata jirgi zan shiga, sai ta aje tasbaha ta dube ni. Mu mutanen Sakkwato ba sai an tuna mana ba, ranar 29 ga Oktoban 2006 jirgin da ya taso daga Abuja zai taho nan ya faɗi jim kaɗan da tashi, mutum 96 sunka rasu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, kusan ba unguwar da ba a yi zaman makoki ba. Tace wancan ma babba ne, ina ga wanga da kake faɗi mai kujera huɗu. Nace Inna aiki ne, awa ɗaya da rabi mun dawo. Tace to Allah shi kai ku lahiya shi maido ku lahiya, kada ka mance addu'ar hawa abin hawa.

A daren an tafka ruwa da iska kamar ba gobe, har wayewar gari lambatu na gudu. Bayan azahar na hau kabu-kabu daga Mabera, naira 2,500 yaron ya ce saboda nisa, munka bi hanyar Boɗinga zuwa filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar na III. A ƙofa an duba katin aiki an buɗe jaka, ciki ma an sake dubawa, ba wani jinkiri tunda ba lokacin jigilar alhazai ba ne filin shiru.

Jirgin na can gefe guda shi kaɗai a fili, an ɗaure fukafukanshi da igiya a ƙasa, a nan ya kwana ruwan jiya ya ƙare a kanshi. Inji ɗaya gare shi a hanci da farfela, fukafukan a sama da rufin, tayu uku. Faɗin cikinshi bai kai na ƙaramar mota ba, kafaɗata na gugar ta matuƙin. Matuƙin kowa Kyaftin yake ce mishi, dattijo ne mai furfura a gemu, mutumin ƙasar Zazzau, a makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya ya yi karatu, wadda anka kafa tun 1964. Na ukunmu wani saurayi ne mai riƙe da na'urar ɗaukar lambar wuri da kyamara. Kafin komai sai da Kyaftin ya ɗora mu kan sikeli mu da jakunkunanmu, ya rubuta, ya sa saurayin ya rage wasu robobin ruwa, yace iskar la'asar mai zafi ba ta ɗaukar nauyi kamar ta asuba.

Abin da ya yi bayan nan na tsaya kusa na kalla da kyau. Ya fiddo wani ɗan kofin roba garai-garai mai tsinke a tsakiya, ya soka a ƙarƙashin fiffike, mai ya tsiyayo. Man nasu shuɗi ne, fetur ne na musamman, ba irin mai kama da kananzir da manyan jirage ke sha ba, kuma wahalar samu gare shi a ƙasar nan, a duro suke tahowa da nasu. Ya ɗaga kofin sama wajen haske yace Malam duba gindin. Can ƙasa ga wasu ɗige-ɗige farare suna birgima ƙarƙashin shuɗin, ba su gauraya da shi ba. Yace ruwa ke nan, ya fi man nauyi shi ya sa yake kwantawa ƙasa. Ya zubar ya sake tsiyayowa, ya zubar ya sake, har kofin ya fito shuɗi tsantsa, ya je ɗaya fiffiken ya yi haka, ya tsuguna ƙarƙashin hancin nan ma ya tsiyaya, sannan ya kama bakin fiffiken ya girgiza jirgin, ya jira, ya sake dubawa. Tas ya fito.

Da munka zauna ya ɗaure mana bel da kanshi ya sa mana abin kunne mai makirfo. Ya nuna mini hannun ƙofa yace in ka ji nace buɗe, ka ɗaga wannan ka bar ta a sake tun muna sama, kada ka jira mu taɓa ƙasa, don in jikin jirgi ya lanƙwashe ƙofa na iya maƙalewa. Ya nuna wurin abin kashe gobara. Yace kuma in kun ga na yi shiru ina taɓe-taɓe kada kowa ya yi mini magana. A bakin titin jirgi ya taka birki ya ƙara wuta, ya juya makulli hagu ya juya dama yana kallon allura, ashe injin na da maganeto biyu, wato abin da ke ba fulogi wuta, kuma kowace silinda fulogi biyu gare ta, in ɗaya ya ƙi ɗaya na nan, ko batir ya mutu inji ba ya tsayawa. Hasumiyar kula da tashi da saukar jirage ta ba mu izini, wajen ƙarfe huɗu da kwata munka tashi.

Sakkwato daga sama a damina wani gari ne daban, kore shar. Ga hayaƙin kamfanin siminti na Kalambaina ta yamma, ga hasumiyoyin Masallacin Shehu da na Bello, ga inda gulbin Sakkwato ya haɗe da Rima ruwan ja wur da laka, ga mazaunin jami'a can ƙetare wajen Dundaye da hanyar da ambaliyar 2010 ta taɓa yankewa. Jirgin na ta tsalle-tsalle saboda zafin da ke tasowa daga ƙasa, cikina ya ɗan juya amma da na fara gane garuruwa sai na mance. Munka bi gulbi munka yi gabas maso arewa, Wurno ta wuce ta hannun dama a kan tudunta, madatsar Goronyo ta fara ƙyalli can gaba.

Wurin farko da na nuna ba komai. Na biyu wani tafki ne da ciyawa ta cinye, nan kam tun daga nesa munka hango su, baƙin abu yana murɗawa yana miƙewa a saman ruwa. Kyaftin bai yarda ya matsa ba, ya tsaya sama wajen ƙafa 2,000 daga ƙasa, yace tsuntsu da jirgi ba sa shiri. Sai ya kwantar da fiffiken dama sosai ya fara kewaya wurin don saurayin ya samu hoto, ya miƙe, ya sake kwantar da na hagu.

Muna fitowa daga kewayen ne injin ya yi tari. Duk mai janareta a gida ya san wannan sautin, in an zuba mishi gurɓataccen mai yana ɓuɓ-ɓuɓ yana neman ɗaukewa yana dawowa, to haka sak. Allurar da ke nuna juyin inji ta faɗi ta tashi ta sake faɗi, jirgin duk yana kakkarwa har haƙorana. Saurayin baya ya fara Innalillahi da ƙarfi. Ni bakina ma ya bushe, La'ilaha illallahu kawai nake maimaitawa a zuci, fuskar 'ya'yana na gilma mini.

Abu na farko da Kyaftin ya yi ya ba ni tsoro ƙwarai, maimakon ya ja sitiyari mu yi sama sai ya sunkuyar da hancin jirgin ƙasa kaɗan, ya murza wani faifai a tsakaninmu har allurar gudu ta tsaya wuri guda. Sannan hannunshi na dama ya fara yawo da sauri amma ba gigita: ya juya makunnin mai daga wannan tanki zuwa wancan, ya tura jan maɓalli har ƙarshe, ya jawo wani baƙi, ya gwada makulli hagu da dama. Idonshi kuwa rabi a ciki rabi a waje yana leƙen ƙasa. Injin ya kama, ya yi ruri mai kyau har na ce Alhamdulillahi a fili, bai kai a ƙirga goma ba ya sake shaƙewa.

Ya danna rediyo yace mede sau uku, kalmar neman agajin gaggawa ke nan, ya faɗi lambar jirgi da inda muke da mutum nawa ne a ciki, ya murɗa lamba 7700 a wata na'ura, alamar jirgi na cikin haɗari. Daga hasumiya anka tambaye shi ko zai iya kawowa Sakkwato. Yace a'a, zan sauka nan. Wallahi a lokacin raina bai so amsar nan ba, don injin bai mutu duka ba, yana kamawa yana saki, ni gani nake a lallaɓa mana a kai gida.

Ƙasa kuwa in ka duba ba wurin kirki. Fadama duk shinkafa ce cikin ruwa, ni na san lakar nan, taya na shiga za ta kafe jirgi ya kifa. Tudu kuma dawa ce ta fi tsayin mutum, gonakin geron da anka girbe ga kunya ga kututture. Ga gawo birjik, shi kuma a damina yake zubar da ganye, daga sama da ƙyar kake ganinshi sai inuwar rassan. Kyaftin ya nuna wani fili ja-ja mai tsawo bayan wani ƙauye yace Malam, wancan mene ne, kalma ɗaya. Nace faƙo ne, makiyaya ce, ƙasar da tauri ruwa ba ya zama. Yace rami fa? Nace akwai ɗan kwazazzabo ta ƙarshen yamma kusa da gonar wake. Ya kalli hayaƙin da ke tashi daga wani gida ya ga inda iska ke kaɗa shi, ya juya jirgin a hankali yadda za mu fuskanci iskar.

Da ya tabbatar za mu kai filin sai ya jawo jan maɓallin nan gaba ɗaya ya kashe injin da hannunshi, ya rufe mai, ya kashe makulli. Farfelar ba ta tsaya ba, iska na ta juya ta a banza, ba ka jin komai sai shuuu. Ya sauke leɓen fukafukan don rage gudun sauka, ya kashe wutar jirgin duka, ya cire abin kunne ya daka tsawa, buɗe ƙofa, ku ƙara ɗaure bel, kai na baya sa jaka a fuskarka. Na ɗaga hannun ƙofa iska ta shigo. Munka wuce saman wani gawo kusa ƙwarai har ina ganin sheƙar tsuntsu a reshe, wasu awaki sunka watse, wani yaro makiyayi ya yar da sanda ya ruga.

Tayun baya sunka fara taɓawa, dum, munka ɗan tashi munka sake dira, sai gurrr kan tsakuwa, komai na cikin jirgi na tsalle. Ya riƙe hancin sama iya iyawarshi yana taka birki. Gudun ya ragu sosai kafin mu kai kwazazzabon, amma duk da haka tayar gaba ta faɗa ciki ta fashe, hancin ya dunguri ƙasa, bakin farfela ya lanƙwashe, munka tsaya rabin jirgin cikin waken mutane. Yace ku fita ku yi nisa. Munka fita da gudu munka tsaya can gindin wata aduwa. Saurayin leɓenshi ya fashe, ni bel ya ƙuje mini kafaɗa, Kyaftin ko ƙwarzane. Na faɗi na yi sujada a kan faƙon nan ina kuka, ƙafafuna sun ƙi ɗaukata. Daga tarin farko zuwa tsayawarmu bai fi minti huɗu ba.

Kafin mu dawo hayyacinmu gari ya fito, maza da mata da yara, wasu da sanduna da bindigar toka don yankin kowa ya san halin da ake ciki na ɓarayin daji, ba su san ko su waye ba. Allah ya sa wani manomi ya gane ni, na taɓa kai musu irin shinkafa, ya ɗaga murya yace ku dakata, malamin gona na! Mai gari ya iso, tsoho tukuf da rawani, na durƙusa nace ranka shi daɗe, baƙi ne daga sama ba da shiri ba. Yace mi ya samu abin naku? Nace inji ya mutu. Ya dubi jirgin ya dube mu yace kuma duk kun fito da ƙafafunku? Allah mun gode ma. Nan take ya sa 'yan sa-kai sunka kewaye jirgin, Kyaftin ya roƙa kada wanda ya matso da taba ko ashana saboda mai. Wata tsohuwa ta kawo fura a ƙwarya da ludayi, mai sanyi da nono kindirmo, tace ɗiyana ku sha ku jiƙa zuciya. Na ciro kuɗi ta ɓata rai, dole na mayar.

Sabis sai ka hau wani tudu, can na samu na kira gida nace aiki ya riƙe mu sai gobe, sauran bayani na bar shi sai ido da ido. Kyaftin ya kira hasumiya da mutanensu. Mai gari yace kada mu kwana nan, amma Kyaftin ya ƙi barin jirgin sai da jami'an tsaro sunka iso bayan magariba da mota biyu, sunka bar wasu a wurin, mu kuma sunka ɗauke mu zuwa Wurno. Hanyar duk laka ce da ramuka, ba wanda ya yi magana har munka hau kwalta.

Gidan wani abokin aikina munka sauka, ya share mana ɗakin zaure ya shimfiɗa katifu da gidan sauro, sauron Wurno kam a damina sai wanda ya gani. Maiɗakinshi ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka da busasshen kifin Rima, shinkafar nan ta gida mai ƙamshi wadda mu a birni sai ka yi sa'a. Saurayin ya kasa ci ya kwanta. Ni da Kyaftin munka zauna a tabarma a waje, nan na fasa abin da ke cina, nace Kyaftin don Allah injin nan fa yana kamawa, me ya hana mu lallaɓa zuwa Sakkwato?

Ya ɗauki tsinke ya yi zane a ƙasa. Yace irin wannan jirgi in ba inji, duk mita ɗaya da ya sauka yana cin wajen mita tara a gaba, in dai an riƙe shi a gudun da ya dace, kusan kilomita 130 a awa, shi ya sa na fara sunkuyar da hanci. In ka ja shi sama don tsoron ƙasa gudu zai ƙare, fiffike ya daina ɗauka, sai ya rikito ta gefe guda, wannan ita ce mai kisa. Daga ƙafa 2,000 abin da muke da shi kilomita biyar ne da 'yan kai, Sakkwato kuwa ta fi kilomita 50. Yace injin da ya mutu murus ya yanke maka shawara, kowa ya san abin yi. Wanda ke kamawa yana saki shi ne mugu, yana ta yi maka alkawari kana bin shi, kana wuce fili mai kyau kana cewa bari in ƙara gaba, tsayinka na zubewa, sai ya ɗauke a inda ba ka da zaɓi, kan gari ko kan ruwa. Kwaɗayi mabuɗin wahala, Malam. Kuma na kashe shi a ƙarshe ne don kada ya zabura lokacin da nake dab da ƙasa ya wuce da ni filin, ga kuma gudun gobara.

Maganar nan ta zauna mini, don da ni ne da sitiyari Sakkwato zan nufa, kuma na san yawancinmu haka za mu yi, mun saba da mota, in tana fizga a lallaɓa a kai gareji, in ta ƙi a gangara gefen titi a buɗe bonet. Bayan na dawo na bincika a waya na tarar hukumar binciken haɗurran sufuri ta Ostareliya ta taɓa duba wannan, daga 2000 zuwa 2010 an samu sau 242 da injin ƙaramin jirgi ya rage ƙarfi jim kaɗan da tashi, 9 daga ciki an rasa rai, alhali waɗanda injin ya mutu musu gaba ɗaya a daidai wannan gaɓa ba a rasa kowa ba.

Na tambaye shi baƙin maɓallin da ya jawo, yace na tura iska mai zafi ne cikin kafireto don narkar da ƙanƙara. Nace ƙanƙara, a Sakkwato? Yace ƙwarai, inda mai ke zama tururi a maƙogwaron kafireto sanyi ke sauka sosai, in iska na da laima kamar ta fadama to ko zafin waje ya haura digiri 30 ƙanƙara na iya taruwa ta toshe hanya. Ya gwada bai ga canji ba, shi ya sa zuciyarshi ta fi tafiya kan ruwa a mai. Ya kuma ce mafi muni shi ne inji ya mutu ana tashi, mutum ya ce zai juyo ya koma titin da ya baro, tun a makaranta ake hana su, ana ce musu ka sauka abin da ke gabanka ko gona ce. Yace mutuwar inji kuwa sun yi ta gwada ta, malami kan janye totur ba sanarwa yace to ina za ka sauka, har abin ya zama jiki, duk tafiyar da yake idonshi na zaɓen fili ko lafiya lau ake.

Da asuba bayan salla abokina ya kai mu hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya mai da Wurno ribaɗinshi kuma a nan ya rasu a 1837, munka yi ziyara munka yi addu'a. Koko da ƙosai na naira 600 ya ishe ni. Wajen hantsi injiniyansu ya iso daga Sakkwato munka koma wurin jirgin tare, yanzu kam har masu tallan gyaɗa da rake sun kafa kasuwa a gefe. Bai kwance komai ba, yace sai masu bincike na NSIB, hukumar binciken haɗurran sufuri ta ƙasa, sun zo, amma an yarda ya tsiyayi mai a gaban jami'ai. Ya soka kofin a ƙarƙashin hanci, abin da ya fito fiye da rabi fari ne, shuɗin ɗan kaɗan yana yawo a sama. Ya hau tsani ya duba murfin tankin hagu ya kira Kyaftin, robar da ke zagaye da murfin ta bushe ta tsage. Yace ruwan sama ta nan ya shiga, kuma tankin irin na roba ne a cikin fiffike, in ya tsufa yakan yi ƙunci-ƙunci a ƙasa ruwa ya ɓuya a lungu ya ƙi gangarowa wurin tsiyaya, sai an kwantar da jirgi a sama sannan ya taso ya bi bututu. Kyaftin ya daɗe yana kallon robar nan bai ce uffan ba.

Na biyo motar haya daga Wurno, naira 2,000, mu huɗu a baya biyu a gaba. Shingayen jami'an tsaro na nan a hanya kafin Achida da bayanta, a ɗaya an sa kowa ya sauko an duba but, wani soja da ya ga katina yace kai ne na jirgin jiya, ya miƙo mini hannu yace Allah ya tsare gaba. Shi ke nan mota ta ɗauki zance. Wani ɗan kasuwar albasa yace shi ko kyauta ba ya shiga ƙaramin jirgi, ya kawo maganar gwamnan Taraba Danbaba Suntai da ya faɗi da jirgin da yake tuƙawa da kanshi kusa da Yola a 2012, bai sake samun lafiya ba har ya rasu a 2017. Nace gaskiya ne babban jirgi inji biyu gare shi, ɗaya ya mutu ɗaya na kai shi fili, ƙarami kuwa ɗaya tal. Amma ƙaramin na taɓa ƙasa da gudun da bai wuce na motar nan da muke ciki ba, wajen kilomita 90, kuma fili mai mita 300 na iya isarshi, abin da babba ba zai taɓa samu ba. Yace duk da haka. Ban ja da shi ba, jiya-jiya na ji abin da yake tsoro a jikina.

Inna ta riga ta ji a bakin maƙwabta kafin in iso, na tarar da ita a tsakar gida ta kasa zaune ta kasa tsaye, ta kama kaina tana shafawa tana ta godiya ga Allah, washegari ta sa anka dafa abinci anka raba sadaka.

Masu binciken sun zo sun ɗauki bayanin kowannenmu daban-daban, sun ɗebi man a kwalabe sun tafi da murfin tankin. Jirgin kuma cire fukafukan anka yi anka ɗora shi a babbar mota zuwa Sakkwato, injiniyan yace tunda farfela ta daki ƙasa dole a buɗe injin gaba ɗaya a duba kafin ya sake tashi. Lambar makwancin da munka ɗauka a tafkin nan saurayin ya miƙa ta ga masu feshi. Mai waken da munka tattake da farko cewa ya yi ba ya karɓar ko sisi, wake in an shuka baɗi shi tsiro, sai da mai gari ya sa baki yace haƙƙinka ne kana da iyali, sannan ya karɓi naira 40,000 daga hannun wakilin masu jirgin, anka rubuta a takarda ni da limamin garin munka sa hannu a matsayin shaidu.